Mansa Musa ya gagare ni a Civilization VI, 'yan'uwa ina neman shawara

Ɗan Misfala: Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah masu buga Civilization VI, wasan kwamfutar nan na gina ƙasa zagaye-zagaye, a taimaka min, yau sati biyu kenan da na sa shi a laftof kuma har yanzu ban kai ƙarshen wasa ko ɗaya ba. Mali nake ɗauka, Mansa Musa, don shi na ji ya fi kwanta min a rai, mutumin da ya taso tun daga can ya zo aikin hajji garin nan Makka a 1324. To amma wallahi komai nawa a hankali yake tafiya, magini ɗaya sai ya cinye min zagaye goma sha wani abu, kafin in fitar da mai kafa gari na biyu maƙwabcina ya riga ya mamaye wajen. Ga 'yan fashin dajin nan masu dawakai, sun ƙone min gonaki sau biyu sun kama magini. Jiya kuma abin da ya fi ɓata min rai, na kafa gari na uku kusa da iyakar Rumawa, bai daɗe ba na ga ya yi ja, can sai aka ce ya ɓalle ya zama gari mai cin gashin kansa, daga baya ma ya koma hannun Rumawan ba tare da an harba kibiya ko ɗaya ba. Ina matakin wahala na Yarima ne, na huɗu, kuma da ƙarin wasan nan Gathering Storm nake bugawa. Me nake yi ba daidai ba?

Baban Walid: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin in ce komai, nawa ne zinaren da ke asusunka yanzu, kuma a zagaye na nawa kake?

Ɗan Misfala: Zagaye na 92 Yaya, zinare 1,340. Ina tara shi ne saboda ko yaƙi zai taso.

Baban Walid: To ga ciwon nan, ba sai mun yi nisa ba. Kana zaune a kan 1,340 kana jiran magini ya fito a zagaye goma sha biyu. Ƙanena Mali ba a gina ta da hannu, saye ake yi. Masu wasan da gangan suka rage mata ƙarfin aiki kashi 30 cikin ɗari a kan gine-gine da sojoji, sannan duk ramin ma'adinin da ka haƙa yana rage maka ƙarfin aiki 1 amma ya ba ka zinare 4. Ka ga ai sun riga sun faɗa maka yadda suke so ka buga, kai ne ba ka ji ba. Kuɗin da ke kwance a wasan nan ba ya haihuwa, magini da ka saya yau ya gyara tayil uku, wato gidajen taswira uku, ya fi dubun da ka ɓoye.

Abin da zaka sa a gaba shine Suguba, kasuwarsu ta Mali, tana buɗewa da zarar ka gama binciken kuɗi. Rabin farashin kasuwar sauran ƙasashe take ci wajen ginawa, kuma ragin nan na kashi 30 bai shafi unguwanni ba, wato sassan gari na musamman irin su Suguba, gine-ginen cikinsu ya shafa. Garin da ke da Suguba duk abin da ka saya a cikinsa, soja ko gini, ana yi maka ragin kashi 20. Ka ɗora ta a bakin kogi ka samu ƙarin zinare 2, ka manna mata unguwar ibada a gefe ka ƙara 2. Da ta tsaya ka sayi ginin kasuwa na farko a ciki, shi ne yake ƙara maka gurbin falke ɗaya. Kowane gari Suguba, kowace Suguba falke. Sannan fataken kada ka watsa su ko'ina, ka tattara su a garin da ya fi yawan shimfiɗaɗɗiyar hamada su riƙa tashi daga can zuwa ƙasashen waje, don Mansa Musa yana samun zinare 1 a kan kowane tayil na hamada mara tudu da ke garin da ayarin ya tashi. Ni na fara wasan nan tun na huɗu, na 2005, a wani kafe a Bab Makka, kuma a duk ƙasashen da na buga ban ga wadda take hukunta mai rowa kamar Mali ba.

Zol ɗin Kasala: Salam ya jama'a. Baban Walid maganarka gaskiya ce amma ka tsallake inda yaron ya fi jin zafi, 'yan fashin. Ya zol ka saurara. Su ba haka kawai suke zuwa ba, ɗan leƙensu ne yake fara zuwa, zaka ga alamar motsin rai ta fito a kansa idan ya hango garinka, daga nan ya juya da gudu zuwa sansani. In ya isa, khalas, sai su fara ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, in kuma akwai dawakai kusa da sansanin to mahaya zasu zo maka. Ka tare shi ka kashe kafin ya koma, ko ka bi sawunsa da mai kulki biyu ka rushe sansanin tun mai mashi ɗaya ne ke gadi. Ka sa katin nan mai ƙara ƙarfi 5 a kan 'yan fashi tun gwamnatin farko. Kuma sansani baya tsirowa sai a inda idon kowa baya gani, shi yasa nake ajiye soja ɗaya a kan tudu a bayan gari, ba ya komai sai kallo.

Wani abu kuma, ka fara da mai majajjawa, in ya kashe abokin gaba ɗaya ana rage maka kashi 40 na binciken baka da kibiya. Majajjawa uku, ka juya su maharba da kuɗi, kai da kake da zinare ma wannan ba komai bane a wajenka.

Ɗan Misfala: Allah ya saka da alheri. Wallahi ina ganin ɗan leƙen nan yana wucewa ina ƙyale shi, na ɗauka yawo kawai yake. To maganar garin da ya ɓalle fa?

Ummu Hanan: Wannan biyayya ce ƙanena, tun ƙarin wasan Rise and Fall na 2018 aka shigo da ita. Kowane gari jama'arsa suna matsa wa garuruwan da ke cikin tayil 9 da shi lamba, wanda ya fi yawan mutane kusa shi ke ja. Kai ka je ka dasa ƙauye mai mutum ɗaya a gindin manyan biranen Rumawa, nesa da naka, dole su janye shi. Idan ka danna mai kafa gari taswira tana nuna maka lambobi a kan tayil, in ka ga an rubuta ragi 10 ko 20 to ka ja baya. In kuma dole sai wajen, ka tura gwamna, yana ba da 8, ka sayi dutsen tunawa ya ƙara 1, ka tura falke daga garin zuwa babban birninka don abinci ya shigo mutane su yawaita da wuri. Sannan ka duba zamanin da kake ciki, in kana zamanin duhu matsin jama'arka rabi ne, shi kuma maƙwabci in yana zamanin zinare nasa ɗaya da rabi. Ina kyautata zaton abin da ya same ka kenan.

Ɗan Misfala: Haka ne Anti, zamanin duhu nake, allon ma ya yi wani dishi-dishi. Ban san yana da alaƙa ba.

Ummu Hanan: Yana da ita sosai. Kuma ga Mali zamanin zinare ba ƙaramin abu bane, duk wanda ka shiga ana ƙara maka gurbin falke ɗaya na dindindin. Makin zamani kuwa ƙananan abubuwa ne ke tara shi, rushe sansanin 'yan fashi, haɗuwa da sabuwar ƙasa, gano abin al'ajabi na halitta, gina Suguba ta farko, fitar da mahayin Mandekalu na farko. Ka riƙa leƙa lambar a ƙasan allo ta dama, in saura maki uku ko huɗu zamani ya ƙare kar ka zauna, ka nemo su.

Zol ɗin Kasala: Ni dai in za a bi tawa ya ajiye Mali tukuna. Sabon ɗan wasa da ƙasar da aka ɗaure mata hannu ɗaya? Ya ɗauki Nubiya ya ga yadda wasa yake. Amanitore, Kandaka wato sarauniyarsu, babban birninta Marawi ta dā wadda dalolinta ke Bajarawiya kusa da Shandi, kimanin kilomita 200 arewa da Khartum. Na je wajen da ƙafata muna makarantar sakandare, shi yasa ranar da na ga an sa ta a wasan a 2017 ban iya barci ba sai da na saya. Maharbanta na Pitati ƙarfin harbinsu 30 ne inda na kowa 25, tafiyarsu 3 inda na kowa 2, kuma suna fitowa da sauri. Huɗu daga cikinsu da mai kulki biyu sun isa su cinye maƙwabci kafin ya yi ganuwa. Garin da ka ci da yaƙi ya zo da mutanensa da unguwanninsa, wanda ka kafa kuwa sai ka yi rainonsa zagaye 40. Har Jabal Barkal na Karima suka sa a abubuwan al'ajabi, yana ba da ƙarfe. Rumawan nan da suka ɗauke masa gari, da ni ne da tuni babban birninsu na hannuna.

Baban Walid: Zol ban yarda ba. Ba wai yaƙin farko baya aiki bane, yana yi, a matakin Yarima ma har ya yi yawa. Matsalar ita ce wanda ya koyi wasan ta hanyar cinye maƙwabci baya koyon inda ake dasa gari, baya koyon jera unguwanni, ranar da ya hau mataki na shida ko na bakwai ya tarar kwamfuta ta yi ganuwa da wuri sai ya tsaya cak bai san me zai yi ba. A mataki na takwas kwamfuta da masu kafa gari 3 take farawa da masu kulki 5, ga ƙarin ƙarfi 4 a kowane faɗa. Sannan duk wanda ka far wa ba dalili ƙorafi yana taruwa a kanka, sauran su daina ƙawance da kai su yi ta la'antarka, Mali kuwa da wa zata yi ciniki in kowa ya juya mata baya? Kuma yaron ya ce Mansa Musa yake so, a bar shi da abin da ransa ke so mana.

Zol ɗin Kasala: Ƙorafin zamanin farko yana gogewa da sauri Yaya, kai ma ka sani. Kuma mataki na takwas ɗin da ka ambata ai nan ne ma maharba suka fi zama dole, in baka da su zagaye na 30 ana ƙwanƙwasa maka ƙofa. Ni ban ce ya zama mai ƙone duniya ba, na ce ya ci maƙwabci ɗaya ya samu fili. Ko Malin ma ai Mandekalu ba ado bane, duk wanda ya kashe ana ba ka zinare daidai ƙarfinsa, kuma yana kare fataken da ke cikin tayil 4 da shi daga fashi.

Baban Walid: A kan tsaro ba mu da saɓani. Maharba uku da ganuwa a garin iyaka, wannan wajibi ne ko baka da niyyar taɓa kowa, don kwamfuta tana duba yawan sojanka kafin ta yanke shawarar far maka. Inda muka rabu shine kai kana ganin fili sai an ƙwata, ni kuma ina ganin a matakin Yarima fili yana nan birjik wanda ya riga kafa gari shi ke da shi.

Ɗan Misfala: To gari nawa ya kamata in samu? Ni uku nake tsayawa don na ga in sun yi yawa fuskokin nan na walwala suna yin ja.

Ummu Hanan: Uku sun yi kaɗan ƙwarai. Ni ina neman 8 zuwa 10 kafin zagaye na 100, ko ban kai ba ina kusa. Dalili shine unguwanni da yawan mutane ake ba ka su, mutum 1 unguwa ɗaya, mutum 4 biyu, mutum 7 uku, haka bayan kowane uku. To ka ga garuruwa goma masu mutum 4 sun ba ka unguwa 20, manyan birane uku kuwa ko sun kai mutum 13 kowanne 15 ne duka. Ka sa katin da ke ƙara kashi 50 wajen fitar da masu kafa gari, ka ajiye gwamna Magnus a babban birni ka ba shi ƙarin girman da ke hana mutum raguwa in mai kafa gari ya fita. Ka dasa a bakin kogi ko tafki, matsuguni 5 kake farawa da shi, bakin teku 3, busasshen wuri 2 kacal. Kai da kake Mali ma ka nemi inda hamada ta kewaye tsakiyar garin, kowane tayil na hamada da ke manne da shi abinci 1 ne da farin maki 1, wato makin addini na wasan, wajen da kowa ke gudu kai nan ne gonarka.

Walwala kuma kayan alatu ne maganinta, kowane iri ɗaya yana isar gari 4. Na biyunsa baya ƙara maka komai, ka sayar wa kwamfuta ko ka yi musaya da irin da baka da shi. Ni duk zagaye 30 sai na zagaya kasuwar shugabanni kamar mai cefane, wannan in ba shi lu'ulu'u in karɓi siliki, wancan in sayar masa da dawakan da suka yi min yawa. A iPad nake bugawa bayan yara sun kwanta shi yasa ƙaramar taswira nake ɗauka, amma lissafin ɗaya ne.

Ɗalibin Madina: Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma tunda an ambaci unguwar ibada da farin maki ina so in faɗi abin da ke raina, kuma ba don in ɓata wa kowa wasa ba. Ni wannan ɓangaren na kafa addini yana damuna tun ranar farko. Mutum ya tara maki a ba shi wani da suka kira babban annabi, ya zaɓi aƙidu kamar mai zaɓen kaya a shago, har sunan Musulunci yana cikin jerin. Ƙasar Larabawa ma ta Salahuddin, baiwar da suka ba ta ita ce na ƙarshen yana zuwar mata kai tsaye ko bata nema ba. Na san lissafi ne na wasa, masu yinsa ba da mu suke tunani ba, amma zuciyata bata natsu ba, musamman ina zaune a garin Manzon Allah SAW. Ni ba mai fatawa bane, shekarata ta biyu kenan a kulliya, wanda yake son hukunci ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Abin da nake yi dai shine ina cire nasarar addini a saitin farko, kuma in an miƙo min wancan mutumin ina danna wucewa.

Ɗan Misfala: Ustaz wallahi ka taɓo abin da ni ma na ji, shi yasa ban gina unguwar ibadar ba ko sau ɗaya. To amma Baban Walid ya ce a manna ta da Suguba, ya kenan?

Baban Walid: Ustaz ya yi magana mai kyau kuma ba a raina irin wannan damuwar. Abin da zan ƙara na wasa ne kawai. Mali bata buƙatar kafa addini sam. Farin makin nan a wajenta kuɗi ne na biyu, da shi take sayen gine-ginen cikin Suguba, kuma in ka shiga zamanin zinare a farkon wasa ka zaɓi sadaukarwar nan ta manyan gine-gine, zaka riƙa sayen magina da masu kafa gari da shi, da ragin kashi 30. Nan ne Mali take fashewa da girma, zagaye biyar ka ga ka fitar da garuruwa huɗu. Hamadar da ke kewaye da garinka tana ba ka makin ko baka gina komai ba. Unguwar ƙari ce, in ranka bai kwanta da ita ba ka bar ta, zinare 2 ne ka rasa a kowace Suguba da ɗan saurin tara maki, ba zai hana ka cin wasa a matakin Yarima ko na Sarki ba. Ka sa unguwar ilimi a madadinta a gindin duwatsu, kowane dutse kimiyya 1.

Ɗalibin Madina: Jazakallahu khairan Yaya. Haka nake yi da Mali ɗin ma, kuma ina ƙoƙarin gina Jami'ar Sankore don Timbuktu, tana son hamada kusa da unguwar ilimi mai jami'a. Sau biyu ana riga ni saura zagaye kaɗan, ranar da na samu kuwa na daɗe ina kallon allon.

Auta Jidda: Ku kuna ta fama da na shida alhali Civilization na bakwai ya fito tun Fabrairun 2025, kuma Sarauniya Amina ta Zazzau tana ciki, da Hausa take magana wlh. Me kuke jira

Zol ɗin Kasala: Na gani Auta, kuma na ji daɗi har raina, mu da kakanninmu suka baro ƙasar Hausa suka zauna a bakin Nilu jin Hausa a irin wannan wasan ba ƙaramin abu bane. Na kunna wa mahaifiyata muryar a waya sau uku tana cewa a maimaita. Amma tsarin ne ban so ba, yadda ya fito a 2025 an raba wasan zamani uku kuma kowane zamani sai ka sauya ƙasa. Ni in na fara da Nubiya ina so in kai ta sararin samaniya tana Nubiya.

Auta Jidda: Ai shugaban baya canzawa, Aminar ce har ƙarshe, ga Songhai a zamani na biyu. Kuma sojanta na da ƙarin ƙarfi a fili da hamada, irin wasanka ne ma Zol

Ummu Hanan: Auta laftof ɗin yaron nan ka tambaya tukuna ko zai ɗauka. Kuma wanda bai gama na shida ko sau ɗaya ba a bar shi ya gama. Ko a na shidan ma akwai namu na kusa, Ngazargamu ta Barno tana cikin ƙananan birane masu zaman kansu, in ka zama uban gidanta sojan ƙasa yana yi maka sauƙin saye a garin da ke da gine-ginen barikin soja, ka haɗa da ragin Suguba ka ga abin mamaki.

Ɗan Misfala: Gaskiya Anti ba zai ɗauka ba, na shidan ma da ya wuce zagaye 150 fanka take ta ihu, ko AC na kunne cinyata sai ta yi zafi, kuma jiran kwamfuta ta gama nata zagayen yana kai minti ɗaya. Ga shi babu Larabci a ciki, Turancin nawa kuma na makaranta ne, wasu katunan sai na ɗauki hoto da waya na fassara.

Baban Walid: Ka koma kallon dabara, wanda taswira ke zama kamar zane a takarda, yana sauke wa na'ura nauyi sosai. Ka rage hotuna zuwa ƙasa, ka mayar da shugabanni hoto mara motsi, ka kunna saurin tafiya da saurin faɗa. Taswira ƙarama mai ƙasashe 6. Sannan gudun wasan, na daidai zagaye 500 ne daga 4000 kafin haihuwar Annabi Isa AS zuwa 2050, mai sauri 330, na intanet 250. Ka ɗauki mai sauri. Wannan ba don laftof kaɗai na faɗa ba ƙanena, wasan nan yana cin dare, kana cewa bari in ga ginin nan ya ƙare sai ka ji kiran sallar farko. Ya taɓa sa ni makara wajen aiki har aka yanke min albashin yini, tun daga ranar na sa wa kaina ƙa'ida, sha ɗaya da rabi nake rufewa ko ana tsakiyar yaƙi, yana ajiye kansa ai, gobe yana nan inda ka bar shi. Kai da kake Misfala kana jin Harami da kunnenka, kar asuba ta wuce ka saboda Rumawa.

Ɗan Misfala: In sha Allah Yaya, na karɓa. Tambaya ta ƙarshe, wace nasara zan nufa? Don ni ina bugawa ne kawai ban san inda na dosa ba.

Baban Walid: Kimiyya ta fi miƙewa ga sabo. Tauraron ɗan'adam, sauka a wata, zama a duniyar Mars, sai jirgin ƙarshe mai tafiyar shekarar haske 50. Wahalar Mali a nan ƙarfin aiki ne, maganinta kuma gwamna Reyna, akwai ƙarin girmanta da ke ba ka damar sayen unguwa sukutum da zinare, har filin harba roka. Gwamna Pingala kuma ka ajiye shi a garin da ya fi kimiyya tun da wuri.

Ummu Hanan: Ni kuma diflomasiyya nake gani ta fi dacewa da mai kuɗi, maki 20 ake nema. Duk sanda ambaliya ko aman wuta ya faɗa wa wata ƙasa aka buɗe neman agaji, ka zuba zinare ka zo na ɗaya, ga mutum-mutumin 'yanci na Amurka yana ba da 4 in ka riga kowa. Sai dai in ka kusa kaiwa duk sai su haɗe kai a majalisa su zaɓi a rage maka, nan ne ake buƙatar dabara, ka zaɓi ragin tare da su don ka samu makin wanda ya dace da rinjaye.

Zol ɗin Kasala: Ko ka sayi Mandekalu goma a zagaye ɗaya ka je ka karɓo garinka. Ni har yanzu garin nan na uku yana min ciwo ya zol.

Ɗan Misfala: Salam 'yan'uwa, na dawo bayan kwana huɗu. Na sake sabon wasa, Mali, ƙaramar taswira, amma na bar gudun a na daidai don in gwada da lissafin Anti. Ɗan leƙen farko na tare shi a bakin kogi da majajjawa, na rushe sansani biyu, ba a ƙone min ko gona ɗaya ba. Zagaye na 100 ina da gari 7, ban kai 8 ba don wani mai kafa gari na tura shi ba rakiya aka kama shi, wannan laifina ne. Suguba 5, fatake 6 duk daga babban birnina Niani suke tashi, zinare 140 ke shigowa kowane zagaye kuma bana barin ya wuce 400 a asusu. Na samu zamanin zinare, na sayi masu kafa gari uku da farin maki kamar yadda Baban Walid ya ce, ban gina unguwar ibada ba. Ginin al'ajabi na Petra ne aka riga ni saura zagaye 3, abin ya min zafi don garin duk hamada ne. Yanzu matsalar da nake ciki, Farisa ce maƙwabciyata, muna ƙawance ƙawancen ya ƙare, kuma na ga sojanta sun taru a iyakar garina na gabas. Ganuwa babu, maharba biyu ne a wajen.

Zol ɗin Kasala: Sairus ne, shugaban Farisa, yaƙin ba-zata shine sana'arsa, yana samun ƙarin tafiya 2 a zagaye 10 na farkon yaƙin. Kar ka jira. Ganuwa ba a sayenta da zinare sai an gina, ka fara yanzu yanzu, in akwai daji kusa ka sare da magini ya tura aikin. Zinaren ka sayi maharba ko masu baka mai kunama in ka buɗe su, ɗaya a cikin gari sauran a kan tudu bayan kogi. Soja ɗaya ake saye a tayil a zagaye, sai ka matsar da shi ka sake saye, don haka kowane zagaye yana da daraja.

Baban Walid: Ka fara gwada sabunta ƙawancen a wannan zagayen kafin komai, in ya karɓa zagaye 30 ba zai iya taɓa ka ba. In ya ƙi to ka bi maganar Zol harafi da harafi, kuma ka janye fataken da ke bi ta ƙasarsa in wa'adinsu ya cika. Turo mana hoton taswirar gabas ɗin in ka tashi daga shago, ina so in ga inda kogin ya bi.

Ɗan Misfala: To Yaya, sai bayan isha in sha Allah, yau kaya suka zo muna ta sauke katan. Ban danna zagaye na gaba ba, yana nan a tsaye.